Ranar da Aka Watsa Murhun Kaka Tumba

Shekarar da aka juya wa motoci hannu suka koma bin dama, a cikinta na ji tatsuniya ta ƙarshe daga bakin kakata Tumba. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, jirgin ƙasa yana kwasar gyaɗa daga Ƙaura, ni kuwa ban kai ɗaukar babban tulu ba. Muna zaune wani ƙauye kusa da Gurbin Bore.

Ba a yi mai baki irin nata a yankinmu ba, kuma ni na gaje ta, kowa ya sani. Da an idar da magariba sai mu kewaye murhunta, tana gasa mana gujiya, tana korar mai gyangyaɗi da muciya. Amma ba don tatsuniya kaɗai garin yake girmama ta ba. Ita ke faɗin ranar binne, wato shuka gero a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari. In bazara ta tsananta, sai ta hura wuta da karan geron bara, ta ja baya tana kallo. Muddin hayaƙi ya miƙe tsaye, ba ta cewa komai. Ran da ya kwanta ya nufi arewa, kwana uku a jere, sai ta ce, "Ku hwaɗa wa maza su hiddo iri."

Akwai tatsuniyar da ke bayan wannan, kuma ita muka fi roƙo.

"Ga ta nan tahe," in ji ta, "ku matsa ku ba ta wuri."

Wai da can Hadari tsoho ne mai nauyin kunne, yana zaune bakin teku da salkunansa na ruwa, bai san lokacin da mutane ke bukatarsa ba. Wata mata ta aiki kaza ta kira shi, kaza ta tsaya tono. Ta aiki shamuwa, shamuwa ta ga fara a hanya ta tsaya ci, ta manta saƙo. Sai Hayaƙi ya ce a aike shi, tunda ba shi da ciki balle abinci ya tsare shi. Sharaɗinsa guda, kada a taɓa haɗa shi da ƙarya. Ya tafi, ya kamo sandar tsoho yana ja masa gora. Shi ya sa in ka ga hayaƙi ya sunkuya ya yi arewa, Hadari na biye da shi.

"Kaka, in ya ɓata hanya fa?" na taɓa tambaya.

"Ke dai da bakin tsiya. Ɗan aikena bai taɓa ba ni kunya ba."

A waccan shekara hayaƙi ya kwanta kwana uku, ta ce a shuka, gari ya shuka. Aka yi ruwa guda, daidai wanda zai tada tsiro, daga nan sama ta bushe. Gero ya fito kamar allura ya ƙone. Aka ɗebi na ci aka sake shukawa, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Shanun Fulanin da ke maƙwabtaka da mu suka fara faɗuwa. Aka fita roƙon ruwa har sau uku.

Daga nan magana ta fara yawo, wai akwai mai tsafi da wuta a garin, shi ya sa Allah ya riƙe ruwansa. Wata la'asar maza suka cika tsakar gidanmu, mutanen da suka shekara talatin suna aiko yara su tambaye ta ranar shuka. Wanda ya fito daga cikinsu ya sa ƙafa ya watsa duwatsun murhunta, yayana ne Mamman, uwa ɗaya uba ɗaya, saurayin da ta goya a bayanta. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi tokar ta ce, "Ko dai idona na ya tsuhwa?"

Ba ta ƙara yin tatsuniya ba. Ta rasu kafin wata damina, tana ganin ita ta ci irin gari.

Na yi shekara hamsin da wannan a ciki. Yanzu ina Ƙaura wurin ɗana, tun da ɓarayin daji suka tashe mu. Bazarar bara, ana zafin da ban taɓa jin irinsa ba, ina mita, sai jikata Hafsatu, wadda ta yi karatun noma, ta ce, "Tsohuwa, hayaƙi ne."

"Hayaƙin wa? Ni za ki gaya wa hayaƙi?"

Ta yi dariya ta zauna. Ta ce abin da manyan masana'antu da motocin duniya ke fitarwa iri biyu ne. Akwai wanda ido ba ya gani, yana hawa sama ya zauna kamar bargo, zafin rana ya shigo ya kasa fita duka. Shi ke dafa mu yanzu, shi ke rikita damina. Akwai kuma mai ƙananan ɓurɓushi, wanda ke tare hasken rana kamar rumfa. Ta ce a zamanin ƙuruciyata ƙasashen Turawa sun tara irin wannan na biyu a samansu, tekun wajensu ya yi sanyi, ruwan da ya kamata ya hauro mana ya tsaya can kudu.

Na ce ta maimaita. Ta maimaita.

"Kina nuhin waccan yunwa, hayaƙin wasu na?"

"Masana sun ce yana cikin manyan dalilai, Kaka. Da ya dame su a ƙirji suka rage shi, ruwa ya ɗan dawo mana."

Ashe Kaka Tumba ta ga daidai. Iskar damina ta juyo, wasu ne da ba su san sunan garinmu ba suka tare ruwan a hanya. Suka gyara samansu don tarin 'ya'yansu, ba wanda ya zo ya ce mana sannu.

Na sa aka kai ni Moriki wurin Mamman, duk da halin hanya. Ya makance, yana zaune a zaure. Na zayyana masa komai, ban rage ba. Ina jiran ya yi salati. Sai ya ce, "Ai tun rannan na san ba ita ba ce, Hajo. Yunwa nike ji, kuma ita ag kusa."

Ya ce in yafe masa. Na ce ba murhuna ya watsa ba.

Cikin waɗanda suka tsaya tsakar gidan nan, saura ni, da shi, da Ige ƙawata da ke Shinkafi, wadda ba ta gane mutane yanzu. Hafsatu ta ce akwai na huɗu. Wancan hayaƙin da ba a gani, wanda aka saki a waccan shekara, wai har yau da sauransa a sama, kuma zai ga bayanmu duka.