Madacin Ƙofar Gidanmu

Tun kafin a haɗa mu mazaɓa ɗaya da Tambuwal, a gindin madacin ƙofar gidanmu ake jefa ƙuri'a. Haka Baba yake faɗa, ni ma haka na taso na gani. Ranar zaɓe mu ke share wurin, mu fito da randa da tabarmi. Baba ya shimfiɗa buzunsa jikin itacen, duk wanda ya zo sai ya durƙusa ya gaishe shi kafin ya shiga layi. Da la'asar a ƙirga a gabansa, a ɗaure akwatin a bayan babur a nufi Kebbe, hedikwatar ƙaramar hukumarmu. Wanda ya ci da wanda ya faɗi ba su taɓa damun Baba ba. A ƙofarsa aka yi, wannan ya ishe shi.

Wata shekara rani ya matsa, ciyawa ta ƙare tun da wuri, shanunmu suka fara ramewa. Yayana ya hau madacin da gatari ya sassare rassan ya zuba musu ganyen, kamar yadda kowane mai shanu yake yi. Bai tuna zaɓe ya ƙarato ba.

Ma'aikatan zaɓe suka iso da hantsi, suka tarar da itace tsirara. Suka waiga, sai ga darbejiyar taubashina, ɗan goggona, can tsallaken hanya ta yi luf da ganye. Suka ɗauki teburinsu suka ƙetara.

Na ji haushi, kuma hassada ce tsagwaronta. Darbejiyar da aka dasa jiya jiya, ina kallo awaki suna cin kanta! Ga shi taubashin nawa ya sa babbar riga yana kai da kawo da buta, ana ce masa mai masauki. Da ya hango ni ya ɗaga murya: "Ɗan kawu, taho ka sha inuwa, ba mu hana baƙi!" Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi, dole na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Madacin ya sake toho, yanzu inuwarsa ta fi ta da. Amma ƙafar mutane ta riga ta saba da tsallake.

A zaɓen da ya wuce na tashi da sassafe na share gindinsa, na cika randa, ko Allah zai sa. Baba ya fito da sandarsa ya zauna. Mutane suna wucewa, daga nesa suke ɗaga masa hannu. Da rana ta ɗaga ya kira ni.

"Ɗauko min buzun ga, mu ƙetara."

Na ce, "Baba, ga inuwarka nan."

Ya ce, "Inuwa ta ishe ni. Mutane nika so."

Na naɗe buzun na bi bayansa. Taubashina ya taso da gudu ya karɓa daga hannuna, ya shimfiɗa masa jikin darbejiyar.