Tumatirin Bature a Lambun Kakana

Ranar kasuwar da ta wuce na tsaya gaban wani mai tumatir a Birnin Kudu ina zaɓa, sai hannuna ya kai kan wani da aka tsinko da ɗan reshensa. Na murza ganyen ba da niyya ba. Kun san warin ɗanyen ganyen tumatir, wanda yake maƙale wa yatsu har bayan an wanke hannu? Shi ya tsayar da ni a wurin, har mai kayan ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce lafiya lau. Amma hankalina ya riga ya koma wani lambu a bakin fadama, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Gwaram, shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fid da kai ba.

Ban wuce shekara goma ba a lokacin. Gidanmu gidan Kakana ne, shi da Inna matarsa, da Babana da mahaifiyata da mu yara. Kaka yana da ɗan lambu da rijiya ɗaya da jigo na ɗebo ruwa. Ba ya sayen iri a kasuwa. Irinsa yana cikin 'yan butocin duma da ke rataye a ɗakin Inna, an cuɗe shi da toka saboda ƙwari: kuɓewa, yakuwa, albasa, da wata farar gauta mai ɗan ɗaci wadda ya fi ji da ita. Mahaifiyarsa ce ta zo da irin gautar daga Gwaram, kuma ban taɓa ganin irinta a lambun kowa ba. Shekarar da ta gabaci wannan tsutsa ta yi mata ɓarna, abin da ya samu ya ajiye bai cika tafin hannu ba. Saboda haka da ya tashi shuka a wannan rani, duka ya zuba.

Rumbunmu kuwa tun kafin sanyi ya shiga ake jin amon ƙasansa idan Inna ta zura ƙwarya. Abin da ya riƙe gidan shi ne aikin Babana. Ana shimfiɗa kwalta a yankinmu, Turawan Italiya ne suke aikin, Baba kuma ya samu shiga lebura. Daga baya aka haɗa shi da wani dattijon Bature bakanike, yana miƙa masa sifana yana wanke masa kayan inji. Duk ranar Juma'a yakan dawo da dawa a bayan keke. Wannan dawar muke ci.

Wata Juma'a ya dawo da wani abu ban da dawa. Ya durƙusa gaban Kaka a zaure, ya kwance bakin wani hankici. 'Yan ƙwayoyi ne masu gashi-gashi, launin ƙasa.

"Baba, Baturen da nake wa aiki ne ya ba ni. Irin tumatir ne na ƙauyensu, tsohuwarsa ce take shukawa a bayan ɗaki. Ta rasu, 'yar'uwarsa ta aiko masa da abin da ya saura. Ya ji na ce muna da lambu."

"Sai ka ce masa me?"

"Na ce to."

Kaka ya kalli hankicin. Sannan ya ce, "Ka ce to, ba ka leƙa rijiya ba."

Ya naɗe hankicin ya sa a aljihu. Amma ni daga ranar ban sake samun natsuwa ba. A kwanakin ana ta raɗe-raɗin za a rage leburori, na kuma ji mahaifiyata da Inna suna maganar ƙasa-ƙasa a gindin murhu. Babu wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ni na haɗa lissafina da kaina: idan irin nan ya mutu Bature zai yi fushi, idan ya yi fushi zai kori Baba, idan ya kori Baba keke zai dawo ba dawa. Yaro idan ya haɗa irin wannan lissafi ba ya faɗa wa kowa, sai dai ya kwana da shi ya tashi da shi.

Kaka ya yi ɗan ƙaramin komi na renon iri, ya tankaɗe taki kamar mai tankaɗe gari, ya yafa irin, ya rufe da ciyawa, ya kafa guntun zana saboda rana. Ni aka ba gadi. Da an tashi daga makarantar allo sai in ruga fadama in zauna da tsumagiya, ina korar kaji da ƙadangaru da awakin maƙwabta. Kuɓewarmu takan tsiro ba a jira ta ba, amma wannan baƙon iri ya yi shiru. Kullum sai in ɗaga ciyawar a hankali in leƙa, in ga ƙasa kawai. Kaka yakan tsokane ni ya ce, "Amarya, in kin dame shi da kallo kunya zai ji ya ƙi fitowa." Ina yin dariya don kada ya gane tsoron da nake ciki.

Da suka fito ma hankali bai kwanta ba. Siraran abubuwa ne kamar zare, ƙafarsu ja-ja. Wasu sai a wayi gari sun kwanta, gindinsu ya ruɓe, ba a san dalili ba. Waɗanda suka kai dashe ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Kaka ya dasa su a komin da ke kusa da na gauta, ya kakkafa musu kara.

Sai bazara ta kawo kai. Wanda bai yi lambu ba ba zai san yadda ake sauraron rijiya ba. Da, idan guga ya faɗa, ƙara ce mai zurfi, tulum. Yanzu sai ka ji ya bugi laka. Ruwan da yake fitowa ja ne, rabin guga, sai an jira ya taru kafin a sake jefawa. Maƙwabtanmu na lambu wasu sun riga sun haƙura sun tafi cin rani. Kaka ya bar albasa ta bushe, ya bar yakuwa. Saura komi biyu, gauta da tumatirin Bature, kuma su ma da azahar ganyensu yakan yi laushi ya rataya kamar tsumma.

Wata safiya ya ce zai shiga ya yashe rijiyar. Ya kira wani maƙwabcinmu ya riƙe masa igiya. Rijiyar fadama ba ta da gini, yashi ne da laka. Ina tsugune a baki ina kallon farin kansa yana ƙara nisa, maƙwabcin yana jawo guga cike da taɓo yana zubarwa. Can sai na ga yashi yana zubowa daga gefe guda, siriri, kamar ana tsiyaye gero. Kafin in buɗe baki gefen ya zabtaro. Ƙura ta tashi, ban ga Kaka ba. Ban san na yi ihu ba sai da na ga mutane suna tahowa a guje daga lambuna. Allah ya taƙaita, iya ƙugu ƙasar ta kama shi. Aka jawo shi yana salati, ƙafarsa ɗaya ta gurɗe. Ina riƙe da rigarsa, shi kuwa tambayar da ya fara yi ita ce ko idon ruwan ya buɗe.

Bai buɗe ba. Abin da aka samu ƙari kaɗan ne, kuma babu mai sake shiga.

Da yamma, yana zaune an ɗaure masa ƙafa, ya ce da Inna, "Ruwan nan ba zai ɗauki komi biyu ba. Daga gobe a bar gauta."

Inna ta ajiye abin da ke hannunta. "Malam, gautar tsohuwarka ce fa. Babu sauran irinta a buta."

"Na sani. Tawa ce, in ta tafi ni na rasa. Wancan kuwa ajiya aka kawo mini."

Da Baba ya dawo ya ce zai je ya gaya wa Baturen halin da ake ciki, ai mutum ne, zai fahimta. Kaka ya hana shi.

Haka muka zuba ido gauta tana mutuwa. Inna ba ta haƙura nan da nan ba, takan tara ruwan wanke-wanke a tulu ta ba ni in kai wa gindi biyu da ta zaɓa. Sun ɗan jure, har sun yi fure, amma furen ya kaɗe. Ni nake jan jigo yanzu tare da yayana, Kaka yana zaune a inuwa da sandarsa yana nuna mana inda za mu karkata ruwa. Na lura ba ya juya fuskarsa wajen komin gautar.

Tumatirin ma furensa ya yi ta zuba saboda zafi, sai daga baya wasu suka kama. Da 'ya'yan suka fara girma sai wani sabon tsoro ya same ni. Ba su yi kama da tumatirin da muka sani ba. Manya ne, masu faɗi, jikinsu duk tsaga-tsaga kamar kabewa. Na tabbata cuta ce ta kama su. Kaka da kansa ya jujjuya ɗaya, shi ma bai gane kansa ba. Sai da Baba ya kwatanta wa Baturen da hannu, ya dawo ya ce mutumin ya yi ta dariya har da tafi, wai ai haka halittarsa take.

Ranar da suka nuna, Baturen ya zo da kansa a wata tsohuwar mota jif. Gajere ne, mai furfura, farcensa baƙi da man inji. Ya gaida Kaka da 'yar Hausarsa, ya cire hula. Ya tsugunna gaban komin ya daɗe bai taɓa komai ba. Sannan ya tsinki ɗaya, ya yanka da wuƙar aljihu, ya barbaɗa gishiri ya ci ɗanye, ruwan yana bin gemunsa. Mu yara muka kalli juna, don a wurinmu tumatir na miya ne. Ya miƙa wa Kaka rabi, Kaka ya karɓa ya ci. Sai Baturen ya juya mana baya, ya tsaya yana kallon fadama, kafaɗunsa suna motsi. Kaka ya yi mana alama mu ba shi wuri.

Da zai tafi ya nuna busasshen komin da ke gefe, ya tambaya mene ne. Baba ya kalli Kaka. Kaka ya ce, "Gauta ce. Bana ba ta yi ba." Iyakar abin da ya sani ke nan har ya bar ƙasar nan. Daga baya shi da Kaka suka matse irin tumatirin suka shanya, suka raba biyu, ya tafi da rabi, rabi ya shiga butar duma.

Sai bayan na girma na tambayi Baba ko da gaske za a kore shi da tumatirin ya mutu. Ya yi dariya ya ce bakanike ne fa, ba shi yake ɗauka ba, ba shi yake kora ba, kuma Kaka ya san haka tun ranar farko. Aikin ma da kwalta ta wuce yankinmu kowa aka sallama. Inna ta je Gwaram wajen dangi neman gautar, ta dawo da wata mai kama da ita. Kaka ya shuka, ya ɗanɗana, ya sa albarka, amma bai taɓa kiranta gautar tsohuwarsa ba.

Yau fadamar nan injin ban-ruwa ne yake ruri a cikinta, babu jigo ko ɗaya. 'Ya'yan yayana a gwangwani suke sayen iri, kuma sun ce idan ka ajiye 'ya'yansa ka sake shukawa ba ya yin abin kirki, dole baɗi ka koma shago. Tumatirin Bature ya yi shekaru a ƙauyenmu, maƙwabta suna zuwa roƙon irinsa, amma 'yan kasuwa ba sa son sa don ba ya jure kwando da mota, a hankali aka daina. Na tambaya a Kiyako, na tambaya a Gwaram, babu mai shi. Wani lokaci nakan ce a raina, wataƙila a can ƙauyensu akwai wata mata sa'ata da take shuka shi a bayan ɗaki, tana gaya wa jikokinta cewa irin kakanninsu ne bai taɓa yankewa ba. Gaskiya ta faɗa. Abin da ba ta sani ba shi ne, akwai shekarar da duk abin da ya rage na irin nan yana cikin komi ɗaya a fadamarmu, wani tsoho mai ɗaurarriyar ƙafa yana zaune yana nuna inda za a karkata masa ruwa.