Gaurakan Inuwa

In ka je garinmu ka tambayi Inuwa masunci, kallonka kawai za a yi, don masunta a garin sun fi a ƙirga. Amma ka ce Inuwa mai gauraka, har yau akwai tsofaffin da za su nuna maka kangon gidansa. Garin namu ƙarami ne, gabas da Haɗeja, can wajen Baturiya, inda ruwa ke cinye rabin ƙasa da damina, in ya janye ya bar mana kifi da shinkafa. Ni ce Saude, ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi, ba ji na yi ba.

Yaya Inuwa dai ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Gajere, ga sanƙo tun yana saurayi, ga shiru-shiru, sai ka yi masa magana uku kafin ya ba ka ɗaya. Da sassafe ya saɓa goransa, ƙaton nan da masunta ke kifa ciki a kai su bi ruwa, ya je ya duba tarunsa ya dawo. Rayuwarsa ke nan. Shi da matarsa Yelwa Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ba su taɓa zama suna kai wa mutane kukan haka ba.

Wata damina, ran Lahadi, ya tsinci ɗan tsakon gauraka a cikin ciyawar fadama, ruwa ya tafi da sheƙarsu. Ya sako shi cikin hula ya kawo gida. Yelwa har ta fara neman wuƙa, ta zaci abin miya ne. Ya ce a'a, wannan sunansa Ɗanladi. Muka yi masa dariya son ranmu, namiji guda da gemunsa yana bin gona yana kamun fara saboda tsuntsu. Amma tsuntsu ya girma har ya kai masa ƙirji, ya fitar da tukkun nan mai ruwan zinariya, kumatu fari da ja kamar an yi masa kwalliya. Ba a taɓa ɗaure shi ba, ba a taɓa yanke masa fiffike ba. Da safe ya tashi ya bi 'yan'uwansa fadama, da yamma ya sauka a tsakar gida yana neman tsaki.

A zamanin nan wurin shaƙatawarmu ɗaya ne, bakin gulbi ran Juma'a bayan la'asar. 'Yan dara su tona ramukansu a rairayi ƙarƙashin kanya, suna yi wa juna baƙar magana. Samari su yi tseren gora zuwa wancan ƙetare, wanda ya kife a yi masa ele. Da kaka kuma a yi kokawa. Ni ina gefe da kaskona ina suyar kifi, maigidana yana can cikin 'yan dara ana cinye shi kamar kullum. In rana ta yi sanyi sai Yaya ya kifa goransa ya fara bugawa da tafin hannu. Ɗanladi ya sunkuyar da kai, ya ware fiffike, ya daka tsalle, ya tsinci ciyawa ya wurga sama ya cafe. Wallahi har 'yan dara barin wasa suke yi. Yayan nawa da ba ya dariya, a nan kaɗai ake ganin haƙoransa.

To, akwai wata al'ada tamu. In babban mutum ya yaba abinka, ba ka cewa na gode ka ja bakinka, rowa ke nan. Cewa za ka yi, "Ai naka ne, ranka ya daɗe." Shi kuma ya ce, "Na karɓa, ka ci gaba da riƙe mini." Kowa ya fita kunya, kowa ya koma gida da abinsa. Hakimi da kansa ya taɓa biyowa ya ga rawar Ɗanladi, aka yi haka, har ya aiko wa Yaya da riga. Bulama Ari kuwa, mai garinmu, irin wannan karɓar ya yi ta fiye da sau goma.

Shekara uku bayan jirgin ƙasa ya iso Malam Madori, wani Bature mai sayen gyaɗa a can ya zo garinmu shan iska. Turawa sun saba zuwa da rani harbin agwagin ruwa, su yi ta ɓarin wuta su tafi. Wannan daban yake. Yana da bindiga, amma ya fi yawo da wani madubi mai ido biyu, ya tsuguna cikin ciyawa tun hantsi har azahar yana kallon tsuntsaye, yana zane a takarda. Yaya ya lura da shi kwana biyu, ya zo ya same ni.

"Saude, mutumin nan irina ne. Son tsuntsu yake yi."

Ban taɓa jin ya yabi wani haka ba.

Ran Juma'a Bulama ya kawo baƙon bakin gulbi, tare da Hamman, kukun Baturen, da ke yi masa tafinta. Ɗanladi ya yi rawar da bai taɓa yin irinta ba. Bature ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya yi ta magana da sauri. Hamman ya ce, "Maigida ya ce tun da yake bai taɓa ganin tsuntsu mai kyan wannan ba."

Yaya ya durƙusa, bakinsa har kunne. "Ai nasa ne, ransa ya daɗe."

Hamman ya juya maganar. Muka tsaya muna jiran amsar da kowa ya sani. Sai Bature ya kama hannun Yaya da hannu biyu yana girgizawa, ya zaro wata wuƙa mai naɗewa daga aljihu ya danƙa masa, ya ce da Hamman wani abu. Hamman ya tafi ya dawo da ƙaton akurki.

Man kaskona na ƙonewa ban sani ba. Yaya ya dubi Bulama, Bulama ya dubi ƙasa. Na ji yana raɗa masa, "Inuwa, a gaban jama'a ka faɗa. Wa ke ƙwace kyauta a hannun Bature?" Tsuntsun ba ya yarda da hannun kowa, saboda haka Yaya ne da kansa ya naɗe masa fiffike ya sa shi a akurkin. Yana ta gaya wa Hamman cewa fara yake so, da tsakin shinkafa, kuma a riƙa barinsa ya sha iska da safe. Hamman na cewa to, to, ya ƙi haɗa ido da shi.

Ni ban yi shiru ba. Muna komawa gida na ce ya bi su tun ba su yi nisa ba, ya faɗi ƙasa ya roƙa. Ya ce abin kunya ne. Ya ce kuma ai Ɗanladi ya san hanya, ran da aka buɗe shi zai taso. Kullum da yamma sai ya watsa tsaki a tsakar gida, kaji su cinye. Yelwa ta gaji ta daina yi masa magana a kai. Haka aka yi wata biyu.

Da zan kai bandar kifi tashar Malam Madori sai ya ce zai raka ni. Kwana biyu muka yi a hanya da jakuna, muka yada zango a Haɗeja. Ya riƙo fara cike da jaka, shi ya kama, shi ya shanya. A hanya ya yi ta shirya abin da zai ce. Wai ba karɓa ya zo yi ba, gani kawai, amma in Bature ya ga irin murnar da tsuntsun zai yi da shi, wataƙila da kansa ya ce a tafi da shi.

Gidan yana bayan tasha, kusa da tarin buhunan gyaɗa. Yaya ya leƙa ta danga yana neman inda tsuntsu ke kiwo, bai ga komai ba. Hamman ya fito, yana ganinmu fuskarsa ta canza, ya ce maigida ba ya nan. Sai ga maigidan a baranda. Ya gane Yaya, yana ta fara'a yana yafito mu mu shigo ciki. Na yi mamakin yadda za a ajiye gauraka a ɗaki.

Yana tsaye a kan tebur, bisa wani ɗan katako. Fiffike a ware, ƙafa ɗaya a ɗage, kai a sunkuye, daidai yadda yake fara rawa. Yaya ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Ɗanladi." Tsuntsu bai juyo ba. Ya ƙara kira, ya yi masa fito. Ni na riga shi ganewa, don na ga ƙura a gadon bayansa, kuma na ga idon. Idon ba nasa ba ne, kwalba ce. Na duba ɗakin, ga dinya, ga zalɓe, ga belbela, duk suna tsaye a kan katakai, ba mai motsi. Ɗakin sai warin magani yake yi.

Yaya ya matsa ya ɗora hannu a ƙirjin tsuntsun, inda ya saba sosa masa. Ya danna. Ya ƙara dannawa.

"Mene ne a ciki?"

Hamman ya ce, "Auduga ce, da waya."

"Tun yaushe?"

"Washegarin da muka iso. Maigida ya ce in ya daɗe a akurki gashin zai lalace."

Ni bakina ba ya iya shiru. Na ce, "Kai yanzu ka san abin da yake yi da su, ka tsaya a bakin gulbi ka juya masa maganar?" Ya ce shi abin da aka faɗa yake juyawa, kuma in ya ƙara nasa a bakin aikinsa.

Bature dai bai ga komai ba. Yana ta nuna tukkun da yatsa, yana nuna mana zanen da ya yi ran Juma'ar nan, da yadda ya bi shi ya daidaita ƙafar da fiffiken. Abin da ya fi ɗaure mini kai har yau, babu mugunta a fuskarsa. Murna yake yi tsakani da Allah, yana jira a yaba masa. Ya sa Hamman ya gaya mana za a sa tsuntsun a jirgin ruwa a kai ƙasarsu, mutane su yi ta zuwa kallo shekara da shekaru. Ya ce kuma in Inuwa zai iya samo masa mace, sai a haɗa su biyu.

Yaya ya durƙusa ya yi sallama yadda ake yi wa manya. Ya ajiye wuƙar nan a gefen tebur ya fita. Jakar farar tana hannunsa har muka bar gari.

Ya yi shekara goma sha tara bayan haka yana sana'arsa ta kamun kifi. Juma'ar bakin gulbi ba ta tsaya ba, 'yan dara na nan, samari na tsere, shi ne dai bai ƙara zuwa ba. Ni kam na zagi Bature, na zagi Hamman, Bulama Ari ma ban ƙara gaishe shi da daɗin rai ba har ya bar duniya. Yaya bai taɓa taya ni ba. Sau ɗaya ya tanka, tun a hanyarmu ta dawowa, mun tsaya shayar da jakuna ina ta masifa. Ya ce, "Saude, bar su haka. Mutumin nan bai roƙe ni ba. Ni na ce nasa ne, ni na sa shi a akurki da hannuna, kuma ya yarda ya shiga ne don ni ne."