Rairayin Mars a Idon Tsohon Mallawa

Mun tashi da asuba daga Magariya, ni da abokin aikina mushen lissafi, wato malamin lissafi, a kan babur ɗinsa. A jakata akwai hotuna biyu na wani fili a duniyar Mars, waɗanda kumbon da ke kewaya ta ya ɗauka daga sama, shekaru tsakaninsu. Mun sauko da su daga intanet don ƙungiyar kimiyya ta lakwal ɗinmu, makarantar da muke koyarwa. Sati uku muna dubawa da ɗalibai ko za mu ga abin da ya canza, ba mu ga komai ba sai tuddan rairayi. Direkta kuwa ya ce in Litinin ta yi ba sakamako, zai rufe ƙungiyar. Abokina ne ya ce mu je Mallawa wurin kawunsa, wanda ya tsufa yana fama da rairayi a gonarsa.

Kaka ce, hanya cike da amalanke ɗauke da damman gero. Kafin Dungas rairayi ya riƙe mana taya sau biyu, na sauka ina turi, abokina yana zaune yana ba ni ƙarfin gwiwa. A Dungas muka ci ɗanwake mai yaji. Wani jandarma ya buɗe jakata, ya jima yana kallon hotunan.

"Gonar wane ne wannan, ko itace ɗaya babu?"

Na ce masa ba ta da mai ita tukuna. Ya yi dariya ya sallame mu.

Da hantsi muka iske tsohon a gindin gawo yana tufkar igiya. Sai da muka sha fura na shimfiɗa masa hotunan a tabarma, na yi bayani gwargwadon iyawata.

"Can ma iska na busawa?" ya tambaya.

"Tana busawa, Baba."

"To ba yadda za a yi rairayi ya zauna. Ku tudun kuke ta kallo, Mushe. Ku nemi abin da ba ya motsi, ku auna daga nan."

Ya bi hoton farko da yatsa a hankali, ya tsaya kan wani baƙin dutse a gindin tudu, ta gefen da ya fi gangara. Akwai ɗan fili tsakanin dutsen da rairayi. A hoto na biyu filin ya ɓace, rairayi ya hau rabin dutsen. Na ɗauko abin awo. Muka sami wuri na biyu, muka sami na uku, duk tuddan sun matsa gefe guda. Abokina ya rungume kawunsa har hular tsohon ta faɗi. Kafin mu tafi ya kai mu gona ya nuna mana kututturen aduwa da rairayi ya binne haka nan.

Mun shigo Magariya daf da magariba, bayana na ciwo, raina fes. Ranar Litinin ɗalibai suka maimaita awon da kansu a gaban direkta. Bai rufe ƙungiyar ba, har ya ce a gayyato tsohon ya yi wa ajin bayani.

Tafiyar ta koya mini cewa wanda ya yi shekaru yana lura da ƙasarsa zai iya karanta wata ƙasar, komai nisanta. Tsohon ya aiko cewa zai zo, amma sai ya gama shigar da geronsa rumbu.