Juyen Baƙin Mai a Jirgin Kawu

Lokacin da nake koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, muna cikin Jihar Sakkwato, na sayi babur ɗina na farko. Ina haya a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Ban taɓa ganin mai tsabta irin tata ba. Tsakar gidanta farin yashi ne na gulbi, sau uku take share shi a rana, kuma idan ta gama sai ta koma ɗaki da baya tana goge sawunta.

A kan wannan yashin na yi juyen baƙin mai na farko. Makanike ya nuna mini sau ɗaya, na ga kamar ba wuya. Na tara tsohuwar tasa, na kwance noti, mai ya tsarto da zafinsa ya wuce tasar da taki guda. Na janyo tasar, shi kuma ya rage ƙarfi ya koma inda na ɗauke ta. Da na ciro filta, ƙaramin sifirin da ke bayanta, wata murɗaɗɗiyar waya, ya yi tsalle ya faɗa cikin man. Ina lalube da hannu, agwagwar Inna ta ratso ta tsakiyar ɓarnar, ta bi ta kan shinkafar da aka shanya, ta shiga madafa, ta fito.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta bi sawun agwagwar ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, sannan ta dawo ta tsaya a kaina.

"Malam, wagga dabba taka, in za ka yi mata ƙaho, kai ta wani wuri. Ba cikin gidana ba."

Na yi ta ba ta haƙuri, na ce nan gaba zan shimfiɗa kwali da buntun shinkafa, zan kuma kulle agwagwa. Ta ce agwagwa a gidansu take, babur ne baƙo.

Da lokacin juye na biyu ya yi, na ɗaure gwangwanin sabon mai a baya na nufi Argungu, wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata. Masunci ne, kuma gidansa ba a cika damuwa da shara ba. Amma na tarar an baje albasa ko'ina a tsakar gida, matarsa ta ce ko warin fetur ba ta yarda ya kusance ta ba. Na ba Kawu labarin agwagwa. Ya saurara bai yi dariya ba, ya daɗe yana tunani, sannan ya ce yana da tsohon jirgi a bakin gulbi wanda gara ta fara ci, kuma ba abin da katako ke so kamar baƙin mai. Me zai hana a yi juyen a cikin jirgin? Ƙasa ba za ta ɓaci ba, jirgi ya sha magani.

A lokacin ban ga aibin shawarar ba. Har yau ma, idan na bi ta daki-daki, ba na gano inda kuskuren yake.

Mu huɗu muka ɗaga babur muka saka shi a jirgin, wanda rabinsa ke kan tudu, rabi cikin ruwa. Na kwance noti, mai ya zuba a cikin jirgin, Kawu na bi da tsumma yana shafe katako. Na wanke filta, sifirin ya yi tsallensa, ya bugi gefen jirgi ya dawo gabana. Na ɗaure komai, na zuba sabon mai. Ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Saura in tayar da inji in duba ko yana yoyo, kamar yadda makanike ya koya mini.

Ƙarar ce ta tara mutane. Kafin in kashe, wani ya ruga cikin gari ya ce Kawu ya sa wa jirginsa inji. Masunta suka bar komarsu suka zo kallo. Wani ya zagaya ta baya yana neman farfela, da bai gani ba ya ce irin na zamani ne, a ciki take. Sai ga wani dattijo manomi da buhu biyu na albasa, ya sa aka loda masa su, ya shiga ya zauna bayan babur, ya tattara rigarsa.

"Augie za ni," in ji shi.

Na ce, "Baba, ba tafiya za a yi ba. Mai nake juyewa."

"To juye, ina jira."

Na dubi Kawu don ya yi masa bayani, sai na ga ya miƙe ƙirji yana amsa gaisuwar barka da arziki. Wasu mata biyu suka shigo da ƙwaryar nono. Nauyin ya rinjayi gefen da ke ruwa, jirgi ya zame daga tudu a hankali, muka sami kanmu a kan gulbi, ni a kan babur riƙe da kambunsa, injin na aiki. Na taka birki. Na san ba shi da amfani, amma na taka.

Kawu ya shigo ruwa har ƙugu, ya hau da gorar tuƙi. Tun da an riga an taso, ya ce, kunya ce a koma. Ya raɗa mini kada in kashe injin. Haka ya tuƙa mu da hannu zuwa ƙetare, ni ina murɗa totur, mutanen bakin gaɓa na ɗaga mana hannu. A can ya gaya wa dattijon cewa inji sabo ne, ba a wahalar da shi ranar farko. Dattijon ya sauka bai ji haushi ba, sai dai ya ce ƙara ta fi gudu yawa. Gindin rigarsa da buhunansa duk sun yi baƙi, bai lura ba, mu kuma muka juya jirgi muka koma.

Da la'asar muka sauke babur. Kawu ya riƙe ni da kifi gasasshe, yana tambaya ko juye na gaba zai iya faɗowa ranar kasuwa. Na ce zan duba. Bayan wata biyu ya aiko direban motar haya ya tuna mini, na ce a gaya masa man bai yi baƙi ba tukuna.