Glenys Triffitt da Gansakuka Mai Farauta

Kowace Talata da sassafe za ka tarar da Glenys Triffitt a dam ɗin garinmu, ruwa har gwiwa, tana cika kwalabe, ko da ƙanƙara na zuba daga tsaunukan Tasmaniya. Daga nan sai ɗakin gwaji. Ta ɗiga ruwan a gilashi, ta kafa ido a madubin ƙara girma, shayinta ya huce ba ta sani ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙirga ƙwayoyin cuta kawai aka ɗauke ta yi, amma Glenys akwai bin ƙwaƙƙwafi!

Wata 'yar gansakuka mai ruwan zinariya, wadda ido ba ya gani, ita ta hana ta sakat. Gansakuka dai da hasken rana take rayuwa. To wannan me take ci da hunturu, da rana ke rowa? Ashe farauta take yi. Ta kaɗa ɗan gashinta, ta jawo ƙwayar bakteriya, ta haɗiye.

Shekarar da gansakukar ta yi yawa, ruwan famfo ya ɗauki ƙarnin kifi, kansiloli suka ce a zuba magani a kashe ta. Glenys ta rungumi madubinta ta faɗa taronsu ba gayyata.

Lindsay Bester, shugaban majalisa, ya ce, "Haba Glenys! Tumakina ma sun ƙi ruwan nan, ke kina kare ciyawa?"

"Ciyawar da ta fi ka aiki. Ka kashe ta, wa zai cinye ƙwayoyin? Ƙwarin da kifi ke ci ma da ita suke rayuwa. Ku ba ni mako uku, ƙarnin zai wuce."

"In bai wuce ba fa?"

"In ajiye aikin. Zo ka leƙa."

Ya leƙa yana gunaguni. Can sai ya zabura, "Kai! Ta cafke ɗaya!" Da ƙyar aka ɓamɓare shi daga madubin. Suka ba ta mako ukun.

Ranar kwana goma sha tara ƙarnin ya ɗauke. Da aka tambaye ta ko dama ta tabbata, dariya ta yi. "Ina! Tun a makon farko na haɗa kayana a kwali."

Glenys, ke ce kika jingina abincinki saboda halittar da ba wanda ya san da ita, alhali ke ma ba ki da tabbas. Ga shi wannan watan za ki yi ritaya. Mun gode, uwar dam. Mu kuma da muka rage, kafin mu ce a kashe abu, mu fara tambayar me yake ci.