Muryar Tabawa Ta Kai Dogon Dutsi

"An kore ta daga aikin fa."

"Wa? Yarinyar farmasi?"

"Ita. Jiya da ƙafa ta tsallaka gada."

"Allah sarki. Tanti ma dai ba ta da tausayi."

A layin teloli na kasuwar Wadata ta Yamai ake wannan hira, cikin ƙarar kekunan ɗinki. Yarinyar da ake wa jimami a littafi take. Tantin kuwa Tabawa ce, mai sayar da zare da maɓalli a ƙarshen layin.

'Yar Tasawa ce. Ta zo Yamai da aure, auren ya ƙare, ta ƙi komawa. A ajin yaƙi da jahilci ta koyi karatu tana da shekara talatin, kuma tun daga nan ba ta rabo da littattafan 'yan matan birni da direbobi ke kawo mata daga Kano: mai aikin ofis, mai ɗakin haya ita kaɗai, mai samari uku ba na kirki ba. Bayan azahar, idan ciniki ya lafa, sai ta kara waya a baki ta karanta babi guda, ta tura wa matan da hannunsu ke kan ɗinki. Su kuma su tura gaba.

Da farko sun yi mita, wai ba su san unguwannin Kano ba. Sai ta fara kwaso littafin tana dawo da shi Yamai. Ofis ya koma unguwar Filato, shinkafa ta koma dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, suna mai wuya ta sa na gida. Amma abin da marubuciya ta ce ya faru, ba ta canzawa. Takan ce aron littafi aka ba ta, ba gādo ba.

A haka ta sa wa yarinyar wannan littafi suna Balkisa, ta ajiye ta a unguwar Lamorde, hayin gada, ta bar ta da aikinta na farmasi, wato kantin magani.

Ran Talata wata budurwa mai farar riga ta tsaya gaban teburinta, ta gaishe ta har ƙasa. Ta ce sunanta Balkisa, a Lamorde take haya, a farmasi take aiki. Tabawa ta ajiye almakashi.

Ba faɗa ya kawo ta ba. Karatun ne ya bi waya-waya har garinsu Dogon Dutsi, ya faɗa kunnen mahaifiyarta. Tsohuwar ta ji an kori Balkisa, ta ji ta kwana biyu da gari da sukari, ta ce ran Juma'a yayanta Habibu zai zo ya kwashe ta da kayanta. Shekara biyu Balkisa ta yi tana roƙo kafin a bar ta ta zauna Yamai. Ta rantse littafi ne, ta tura hotonta a wurin aiki, duk a banza.

"Cewa ta yi tun ina ƙarama nake ɓoye ciwo," in ji Balkisa, tana 'yar dariya. "Wai ke babba ce, Tanti, muryarki ba ta maƙaryata ba ce."

Tabawa ta buɗe littafin ta leƙa gaba. Sai bayan babi tara yarinyar za ta samu wani aikin, Juma'a kuwa saura kwana uku. Ta tambaya ko ta fito fili ta ce ƙirƙira ce. Balkisa ta girgiza kai: tsohuwar za ta ce roƙonta aka yi.

Tabawa ta jima tana shafa bangon littafin. Daga nan ta tura shi ƙarƙashin kwalin zare, ta jawo kujera, ta goge ta da bakin zane, ta ɗauko waya.

"Zauna, ɗiyata. Babin yau daga bakinki zai fito, ba daga littafi ba. Faɗa mini yadda ɗakinki yake, da abin da kika ci jiya, da wanda ke ɗebo miki ruwa in famfo ya ɗauke. A hankali, kar ki tsallake komai."